Me ke tsinka madara a kofin Nescafé, kuma filastar farin haƙora da ake talla a TikTok tana aiki kuwa?

Da safe a teburin mai shayi a 'Yankuzo, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, wani abu kan faru wanda kusan duk mai zama a benci ya taɓa gani. An zuba garin Nescafé a kofi, an kwarara ruwan zafi, an ɗauko gwangwanin madarar da aka huda tun jiya an tsiyaya. Maimakon ruwan ya haɗe ya yi kalar ƙasa, sai ga ƙananan gudaji fari-fari suna yawo a sama kamar an marmasa awara a ciki. Mai kofi ya ce madarar ta lalace. Mai shayi ya rantse ya ɗanɗana ta, lafiyarta ƙalau. Sau da yawa dukkansu biyu gaskiya suka faɗa.

A kan wannan bencin dai ba za a rasa saurayi riƙe da waya yana zazzaga TikTok ba. Cikin abin da zai ci karo da shi akwai tallar wata siririyar leda da ake mannawa a haƙora, wadda aka ce cikin mako ɗaya za ta wanke dattin shayi da goro, haƙora su koma kamar alli. Idan ya ƙara gaba kaɗan zai ga wata ta ce ba sai an kashe kuɗi ba, a matse lemun tsami a kan buroshi kawai. Gudajin cikin kofi da wannan shawara ta lemun tsami duk aikin abu ɗaya ne, wato tsami, wanda masana ke kira asid. Wanda ya gane abin da asid ke yi wa madara zai fi saurin gane dabarar da za ta haskaka masa haƙori da wadda za ta cinye shi.

Abin da ke faruwa a cikin kofin

Masana suna auna tsami da wani sikeli mai suna pH, wanda wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark, Søren Sørensen, ya fito da shi a 1909. Tsabtataccen ruwa yana kan 7. Duk abin da ya sauko ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuma ɓangaren kanwa ne, shi ya sa uwar gida ke jefa kanwa a miya idan tsamin yakuwa ya yi yawa. Sikelin yana da wata ɗabi'a da ke rikita mutane: kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Abin da ke kan 5 ya fi wanda ke kan 6 tsami sau goma, ya fi wanda ke kan 7 sau ɗari.

Sabuwar madarar shanu tana wajen 6.7, wato kusa da ruwa. Baƙin ruwan gahawa, ko na Nescafé ko na ɗanyen ƙwaya da aka niƙa, yana wajen 5. Ruwan lemun tsami kuwa yana can tsakanin 2 da 3.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin da ke cikin madarar shanu wani ne da ake kira kesin. Ba ya narkewa kamar sukari. Yana dunƙule ne cikin ƙananan ƙwallaye da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwan, kuma su ne suka ba madara yawancin farinta. Kowane ƙwallo yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na ɗan'uwansa, don haka suna ture juna kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa fuskokinsu masu kama. Muddin cajin nan yana nan, ba za su manne ba. Asid shi ke kashe cajin. Da zarar tsamin ya kai wajen 4.6, turewar ta ƙare, ƙwallayen su rungumi juna su zama gudaji, ruwa ya ware gefe.

Matan Fulani da ke kawo nono kasuwa sun daɗe suna sarrafa wannan. Ana dafa madara, a bari ta huce, a zuba mata ɗan tsohon kindirmo, a rufe ƙwarya. Cikin dare ƙwayoyin bakteriya su ci sukarin madarar su mayar da shi asid, da safe a tarar ta yi barci. Mai awara ma haka take yi da madarar waken suya idan ta zuba ruwan tsami ko na tsamiya. Abin da ake nema da gangan a ƙwarya da tukunya shi ne ya zo ba a gayyace shi ba a kofi.

Sai dai mai lura zai ce lissafin bai cika ba. Idan sai an kai 4.6 madara ke tsinkewa, gahawa kuma tana kan 5, me ya kawo gudaji? Zafi ne ya cike giɓin. Yayin da ruwa ya yi zafi sosai, kesin ba ya jiran a kai 4.6, tun daga sama da haka yake fara haɗewa. Sannan ga shekarun madarar, in ana iya kiran sa'o'i shekaru. Gwangwanin da aka huda jiya da yamma aka ajiye a teburi, a garin da ba kowa ke da firiji ba kuma wutar ma ba ta zama, bakteriya sun riga sun shiga sun fara aikin da suke yi a ƙwaryar kindirmo. Tsamin bai kai harshe ya ji ba, shi ya sa mai shayi ya rantse da gaskiyarsa. Amma madarar ta riga ta yi rabin tafiya, ruwan zafi da tsamin gahawa suka ƙarasa ta.

Yadda aka zuba ma yana da tasiri. Ɗigon farko na madara da ya faɗa cikin cikakken kofin gahawa mai tafasa, shi kaɗai yake fuskantar duk zafin da duk tsamin. Idan madarar aka fara zubawa sannan aka bi ta da gahawa a hankali ana juyawa, ita ce ke da rinjaye a farko, tana shanye tsamin kaɗan-kaɗan. Gahawar da ta daɗe a fulas tana ƙara tsami, don haka ta yamma ta fi ta safe tsinka madara. Madarar waken suya ta fi ta shanu saurin tsinkewa. Wanda kuma ya matsa lemun tsami a Lipton sannan ya ce a sa masa madara, kada ya zargi kowa.

Madarar gwangwani sabuwar hudawa ba ta cika yin haka ba, domin a masana'anta ana ƙara mata wasu gishirai da ke taimaka wa kesin jure zafi. Dunƙulen da ake gani idan an zuba madarar gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa kuwa, yawanci ba tsinkewa ba ne. Garin ne ya jiƙe ta waje cikinsa a bushe. A dama shi da ɗan ruwa mai ɗumi tukuna.

To a sha ko a zubar? Idan madarar sabuwa ce lemun tsami ya tsinka ta, babu cutarwa, ganin ne kawai ba daɗi. Ciki ma tsinka madara yake yi da nasa asid ɗin duk lokacin da aka sha ta. Idan kuwa madarar ta kwana a buɗe, gudajin gargaɗi ne cewa bakteriya sun yi yawa a ciki, kuma ba wanda ya san ko waɗanne iri ne. Akwai gwaji mai sauƙi da masu sayen ɗanyar madara a wuraren tattarawa ke yi: a ɗebi kaɗan a cokali a ɗora a wuta. Idan ta dunƙule da tafasa, ta fara lalacewa. Ɗanyar madara daga ruga kuma a tafasa ta kafin a sha ko da sabuwa ce, saboda cututtukan da ke iya biyowa daga shanu, irin su tarin fuka.

Daga kofi zuwa baki

Haƙori yana da sulke a waje, wanda likitoci ke kira inamel. Shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet. A ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare mai ɗan laushi da ake kira dentin, kuma launinsa rawaya-rawaya ne tun asali. Sulken yana ɗan nuna abin da ke bayansa, don haka launin da ake gani a madubi haɗin biyun ne. Haƙori lafiyayye ba fari fat ba ne kamar takarda.

Kamar yadda kesin ke da lambarsa, sulken haƙori ma yana da tasa, wajen 5.5. Duk abin da tsaminsa ya sauka ƙasa da haka yana fara narkar da ma'adinin. Yawu yana gyara ƙaramar ɓarna, yana wanke tsamin ya mayar da kalsiyam inda ya fita, in an ba shi lokaci. Amma abin da ya zaizaye ya tafi ba ya dawowa, domin babu rayayyun ƙwayoyin halitta a cikin sulken da za su sake gina shi. Gilashin kariyar fuskar waya idan ya kakkarce, a je kasuwa a ɓamɓare shi a manna sabo. Wannan guda ɗaya aka ba kowa, kuma ba a sayar da shi a ko'ina.

Nan ne dabarar lemun tsami ke yaudarar mutane. Ruwan lemun ya fi gahawa tsami da ɗaruruwan ninki. Idan aka goga shi, yana ɗauke saman sulken tare da dattin da ke kai, ya bar wurin da ɗan kaushi mai kama da alli, sai a ga kamar an yi haske. A ci gaba da yi, sulken ya yi siriri, rawayar dentin ta ƙara fitowa. Mutum ya ga haƙoransa sun ƙara rawaya, ya ƙara lemun. Daga nan sai ruwan sanyi ya fara gagararsa. Haɗa lemun da bekin soda bai sa abin ya zama lafiya ba, kumfar da ke tashi tana ba da sha'awa a bidiyo ne kawai, kuma babu mai auna ko tsamin ya mutu duka kafin a kai baki.

Gawayi da toka nasu aikin kankara ne, kamar yashi a bayan tukunya. Suna iya cire dattin sama, amma ba sa canja launin cikin haƙori, kuma goga su kullum da ƙarfi yana cin sulken. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga wani nazari da ya bi diddigin binciken da aka yi kan man goge baki mai gawayi, ba a sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfaninsa ko rashin illarsa ba.

Kafin a zo kan filastar, ya kamata a raba datti gida biyu. Akwai na waje, wanda shayi, gahawa, goro, taba da zoɓo ke barin shi a saman haƙori. (Abin dariya, kakannin masu neman farin haƙori a yau da fure da goro suke rina nasu su yi ja, kuma ado ne a lokacin.) Akwai kuma na ciki, wanda ya shiga jikin haƙorin tun yana tsirowa. Yaron da aka ba kafson tetirasaikilin, mai ja da rawaya ɗin nan da ake saye a kemis, kafin ya kai shekara 8, yana iya tashi da haƙora masu launin toka ko ruwan ƙasa. Haka wanda ya girma yana shan ruwan da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, kamar yadda aka sani a yankin Langtang na jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe, haƙoransa kan yi ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Haƙori guda ɗaya da ya yi duhu bayan faɗuwa daga babur kuma, wataƙila jijiyarsa ce ta mutu, aikin likita ne.

Mene ne a jikin ledar?

A kwalinta ana rubuta whitening strips. Siririyar leda ce mai laushi, an shafa wa gefe ɗaya wani man da ke ɗauke da haidurojin feroksaid, sinadarin nan da ke kumfa idan an zuba a ciwo. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ne ya yaɗa ta a kasuwa a 2001 da sunan Crest Whitestrips. Tunanin kansa ya girme ta: a 1989 wasu likitocin haƙori biyu a Amurka, Van Haywood da Harald Heymann, suka wallafa hanyar sa man feroksaid a wani ƙoƙon roba da aka ƙera daidai bakin mutum ya kwana da shi. Filastar ta zo ne ta sauƙaƙa wannan.

Aikinta ya bambanta da na lemun tsami da na gawayi. Feroksaid ba kankare sulke yake yi ba. Yana ratsa shi ya shiga har dentin, ya farfasa ƙwayoyin da ke ba da launi, su daina nuna duhu. Don haka amsar tambayar ko tana aiki ita ce e, ta gaskiyar tana aiki, kuma gwaje-gwajen asibiti sun nuna haka. Yawanci ana manna ta kamar minti 30 a rana, na kwana 10 zuwa 20, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin. Haƙoran da suka yi rawaya saboda shayi ko shekaru su suka fi karɓa. Masu launin toka na tetirasaikilin ba sa jin ta sosai, masu ɗigon fuloraid kuma ɗigon na iya ƙara fitowa a kwanakin farko. Ba ta taɓa ciko, ba ta taɓa haƙorin roba, balle haƙorin Makka. Wanda ke da farin ciko a haƙorin gaba zai iya ƙarewa da haƙori mai launi biyu.

Hasken da ake gani minti kaɗan bayan cire ledar bai kamata a yarda da shi ba. Haƙorin ya bushe ne, kuma busasshen haƙori ya fi fari. Bayan ya sha yawu sai wani ɓangaren hasken ya koma. Launin gaskiya sai an yi kamar mako biyu da gamawa ake saninsa, kuma shi ma ba na har abada ba ne. Mai shan shayi sau uku a rana yana taunar goro zai ga ya fara komawa cikin watanni.

Illolin da aka fi sani biyu ne. Na farko tsamin haƙori, wani zugi mai kama da jan lantarki idan iska ko ruwan sanyi ya taɓa. Yana samun mutane da yawa, kuma yawanci yana wucewa cikin 'yan kwanaki idan an dakata. Na biyu ƙunar dasashi inda ledar ta hau nama, wurin ya yi fari ya yi zafi. Mai kogo a haƙori ko tsaga ko dasashi mai zubar da jini, shi abin ya fi yi wa muni, domin sinadarin ya sami ƙofa zuwa kusa da jijiya. Ana shawartar mai ciki da mai shayarwa su jinkirta.

Matsalar tana ga abin da ke cikin kwalin

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga 2012, doka ba ta yarda a sayar wa mutum kai tsaye da abin haskaka haƙori da feroksaid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Birtaniya ma haka take. Amurka ta fi sassauci, a can ana sayar da filasta mai kashi 6 ko fiye a kanti. Ke nan ƙasashen da suka ƙera abin ma ba su daidaita a kan iyakarsa ba.

A 2021 ƙungiyar kare masu saye ta Birtaniya mai suna Which? ta sayi kayan haskaka haƙori 36 daga manyan kasuwannin intanet ta kai su ɗakin gwaji. Guda 21 sun wuce iyakar doka. Mafi muni yana da feroksaid kusan kashi 30 cikin ɗari, ninki 300 na abin da aka halatta. Irin wannan ƙarfin likita ne kaɗai ke amfani da shi, bayan ya rufe dasashi da abin kariya. Daga irin waɗannan kasuwanni ne 'yan kasuwar Instagram da WhatsApp da dama ke sarin kayansu, su iso Legas ko Kano, a ba direba ya kawo tasha a Gusau, daga nan wani ɗan'uwa ya ƙaraso da su Tsafe ko Bungudu. Mai tallar sau da yawa ita ma ba ta san abin da ke ciki ba, hoton da aka turo mata ta ɗora.

Waɗanda aka rubuta wa "babu feroksaid" ma ba lallai su fi lafiya ba. Wani bincike da mujallar likitocin haƙori ta Birtaniya ta buga a 2019 ya gano cewa wasu daga cikinsu suna amfani da sinadarin sodiyam kulorait haɗe da asid, kuma sun rage taurin sulken haƙori a gwaji. An gudu daga feroksaid an koma gidan lemun tsami.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar wannan yanki. Feroksaid ba ya son zafi, yana rushewa ya koma ruwa da iska. Kwalin da ya kwana a bayan mota, ya yi makonni a shago mai rufin kwano a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke kai maki 40, yana iya isowa ba sauran ƙarfi a jikinsa. Ke nan mai saye yana tsakanin biyu: ko ya sami wadda ta fi ƙarfin bakinsa, ko ya sami leda kawai.

Kafin a tura kuɗi, a nemi hoton bayan kwalin. A duba ko an rubuta sinadaran da ke ciki da adadin feroksaid, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC. Idan an rubuta kabamaid feroksaid, wannan ɗan'uwansa ne mai sanyi, kashi 10 nasa daidai yake da kusan kashi 3.5 na haidurojin feroksaid. Kwalin da ba a rubuta adadi ba, ko aka yi alkawarin fari cikin minti biyar, a bar shi. Kada kuma wani ya ɗauko kwalbar feroksaid ta wanke ciwo ya ce zai haɗa nasa.

Fitila mai shuɗi da kyamarar waya

Wasu kayan suna zuwa da wata roba mai ƙananan fitilu shuɗɗa da ake cusawa a baki, a jona igiyarta a ramin cajin waya. Ita ta fi komai kyau a bidiyo. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje a kan haskaka haƙori da fitila ba su nuna cewa hasken yana ƙara wani fari mai ɗorewa ba, hatta da manyan fitilun asibiti. Man da ke ciki shi ke aiki, idan akwai wani aiki. Ruwan shunayya da ake gogawa a ga fari nan take kuwa wasan launi ne, irin na bula da ake sa wa farar riga. Shunayya tana danne rawaya a ido, kurkure baki ɗaya ko biyu ta tafi.

Hotunan "kafin" da "bayan" su ne inda mai waya ya kamata ya fi kowa wayo. Kyamara tana daidaita farin hoto da kanta. Hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya zai nuna haƙora rawaya, a fita tsakar gida a sake ɗauka su yi fari, ba tare da an taɓa komai ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun matasa suna da yanayin gyaran fuska da ke haskaka hoto, manhajoji irin su Facetune kuma suna da maɓallin farar da haƙora kai tsaye. A dubi farin idon mai hoton, da bangon bayansa, da launin leɓensa. Idan su ma sun yi haske a hoto na biyu, ba filasta ce ta yi aikin ba.

Wanda ya yanke shawarar gwadawa zai iya mayar da wayar tasa ma'auni. A kashe duk wani gyaran fuska, a shiga yanayin Pro idan wayar tana da shi, a tsayar da WB da ISO a lamba ɗaya kada su motsa. A tsaya wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, a riƙe farar takarda kusa da baki, a ɗauka kafin a fara. A sake ɗauka mako biyu bayan an gama. Idan takardar ta fito launi ɗaya a hotunan biyu, to bambancin da aka gani a haƙora na gaske ne.

Matakin da ya fi arha a ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, wato a bari likita ya duba bakin tukuna. Daga 'Yankuzo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai an fito Tsafe, wataƙila a wuce Gusau inda manyan asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya suke, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Amma wannan nisan shi ne ma dalilin yin hattara, domin wanda dasashinsa ya ƙone da dare ba shi da likita a bayan gida. Kuma da yawa daga masu goro da shayi, abin da ke bakinsu datti ne da ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora. Filasta ba ta cire shi. Wankin haƙori na asibiti ke cire shi a zama ɗaya, wasu ma daga nan sai su ga ba sa bukatar komai. Amarya ko angon da ke shirin biki kuma kada su fara saura kwana uku, su fara da wata guda a gaba, don in tsamin haƙori ya zo ya sami lokacin wucewa.

Idan an fara, a busar da haƙora kafin a manna, a rage ledar da almakashi in tana hawa dasashi, kada a wuce mintunan da aka rubuta, kada a kwana da ita. Zugi ya yi yawa, a tsallake kwana ɗaya ko biyu, a yi amfani da man goge baki mai fuloraid. Bayan shan zoɓo, lemun kwalba ko wani abu mai tsami, a kurkure baki da ruwa a jira kamar minti 30 kafin a sa buroshi ko asuwaki, domin a lokacin sulken yana da laushi.

Madarar nan ta teburin mai shayi ma tana da rawar da take takawa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun jiƙa haƙoran da aka cire a cikin shayi, wasu da madara wasu babu. Waɗanda aka sa a shayi mai madara ba su rine kamar sauran ba, kuma da aka bi diddigi aka ga kesin ne ke kama sinadaran shayin da ke rina haƙori kafin su manne. Gwaji ne na ɗakin bincike, a kan shayi aka yi shi ba gahawa ba, kuma bai shafi cokula huɗu na sukari da ake zubawa a kofin ba, waɗanda bakteriyar baki ke mayarwa asid kamar yadda 'yan'uwansu ke yi a ƙwaryar kindirmo.